Ungo! Asalin Kalmar Tanis da Bashin da Hausa Ke Bin Mu

Da la'asar sakaliya, a gefen titin da ya ratsa Kalgo, akwai wata inuwar dogon yaro inda samari suke kafa tebur, su gitta ɗan katako a tsakiyarsa a madadin raga, su yi ta bugun ƙaramar ƙwallo har a kira magariba. Wasu na kiran wasan tebur, wasu na cewa tanis. Idan ka tsayar da ɗaya daga cikinsu ka tambaye shi ma'anar tanis, zai dube ka da mamaki ya ce ai Turanci ne. Ya faɗi rabin gaskiya. Daga bakin Turawan Ingila muka karɓi kalmar, amma su ma aro suka yi, kuma a bakinsu ba ta da wata ma'ana face sunan wasan. Sai an tsallaka zuwa Faransa, an koma baya kimanin shekara ɗari bakwai, sannan kalmar take buɗe baki ta yi magana. Abin da take cewa kuwa gajere ne: ungo. Ko kuma, a bakinmu na Kabi da Sakkwato, amshi.

Ga yadda abin ya kasance. Tun a ƙarni na 12 mutanen arewacin Faransa suke wani wasa na bugun ƙwallo da tafin hannu, a kan tituna da farfajiyoyin gidajen ibada. Sunansa a wurinsu jeu de paume, wato wasan tafi. Daga baya aka sa safar hannu, sai a ƙarni na 16 faifan bugu mai zare ya zama ruwan dare. Wasan ya kama zukatan sarakuna har ya yi kisa: sarki Luwi na 10 ya mutu a 1316 bayan ya gama wani zazzafan wasa a Vincennes, ya kwankwaɗi ruwan inabi mai sanyi, ciwo ya kwantar da shi. A wannan wasa, mai fara bugu yakan yi wa abokin karawarsa kira kafin ya saki ƙwallo, ya ce tenez, daga aikatau tenir, wanda ke nufin riƙewa ko karɓa. Baƙin da ke tsaye suna kallo ba su ji Faransanci ba. Abin da kunnensu ya riƙe shi ne wannan kira da ake ta maimaitawa, sai suka laƙaba wa wasan shi.

Shaidun da ake da su ba su da yawa, amma suna da nauyi. Wani marubucin tarihin birnin Fulorens a Italiya, Donato Velluti, ya ambaci wasan da sunan tenes, ya ce mayaƙan Faransa ne suka shigo da shi garin wajen 1325. A Ingilishi kuwa, kalmar ta fara bayyana a rubuce wajen 1400, a wata waƙa da John Gower ya yi wa sarki Henri na 4, kuma ya rubuta ta tenetz. Wannan rubutun shi ne ya fi burge ni. Bafaranshen yau ba ya furta harafin ƙarshe na tenez, amma kakanninsa sun furta shi, da sauti mai kama da ts. Ke nan sautin s da ke wutsiyar tanis ɗinmu gado ne na wani furuci da masu harshen suka daɗe da yarwa, baƙi suka adana musu. Sai kuma a 1617 wani mai ƙamus, John Minsheu, ya rubuta ƙarara cewa Faransawa suna furta wannan kalma lokacin da suke bugun ƙwallo.

Akwai giɓi guda da masana ba su ɓoye ba: Faransawa ba su taɓa kiran wasansu da wannan suna ba, wasan tafi suka ci gaba da cewa. Ɗakin da wakilan talakawa suka taru a Versailles ranar 20 ga Yuni 1789, suka yi rantsuwar da ta buɗe ƙofar juyin juya halin Faransa, ɗakin wasan tafi ne a bakin Faransawa, amma filin tanis a littattafan Ingila. Wasu na ganin wannan giɓi rauni ne ga bayanin. Ni kuwa ina ganin shi ne yake ƙarfafa shi, domin mai gida ba ya jin kalmar bakinsa a matsayin suna. Baƙo ne yake jin ta haka.

Kuma Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba, don ya riga kowa yin sa. A nan yammacin ƙasar Hausa, da kuma Nijar, me muke kiran labarin da tsohuwa take bai wa jikoki da dare? Gatana. Bakano zai ce tatsuniya, mu mu ce gatana, kuma ba sai an ɗauko ƙamus ba kafin a ji inda ta fito: ga ta nan, ga ta nanku. Kiran da mai ba da labari yake buɗe fage da shi, shi ya dunƙule ya zama sunan abin baki ɗaya, har ana cewa a zo a yi gatana. Tsohuwar tana miƙo labari kamar yadda ɗan wasa yake miƙo ƙwallo, masu sauraro kuma dole su amsa kafin ta ci gaba. Tsakanin tenez da ga ta nan babu dangantakar jini ko kaɗan, amma hanyar haihuwarsu ɗaya ce.

Harshen namu ma cike yake da sunayen da asalinsu magana ce ake yi wa wani. Tangaran ya zama faɗi-ka-mutu. Hula mai baki a gaba ta zama hana-salla. Shinkafar da aka haɗa da komai a tukunya ɗaya ta zama dafa-duka, fitilar mai ta zama a-ci-balbal, ƙaramar motar kaya ta zama a-kori-kura. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan jimla ce cikakkiya da ta sandare ta koma suna. Mafi kyawun misali kuwa a gaban idonmu aka haife shi. A daidaita sahu magana ce ta liman kafin kabbarar harama. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, a zangonta na farko da ya fara a 2003, ta ɗauki wannan kira ta sa wa shirinta na gyaran tarbiyya a Kano. A cikin wannan zango aka shigo da babura masu ƙafa uku domin ɗaukar mata, maimakon su hau acaɓa. Jama'a suka ɗauki sunan shirin suka ɗora wa babur ɗin. Shirin ya tafi da gwamnatinsa, babur ya zauna, sunan ya gajarce ya koma adaidaita, direbansa ya zama ɗan sahu. Daga mihirabi zuwa ofis, daga ofis zuwa titi, cikin shekarun da ba su kai goma ba. A wasu garuruwan kuma keke napep ake cewa, daga sunan shirin yaƙi da talauci na zamanin Obasanjo, a Sakkwato kuwa har da agwagwa da buje.

Babu kwamitin da ya zauna ya zartar da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tarihin tanis ma ya ba da shaida a kan haka. Wasan da ake yi a yau a fili, ba a cikin ɗaki ba, sabo ne. Robar da ke sa ƙwallo ta yi tsalle a kan ciyawa da injin yanke ciyawa su suka ba shi dama a ƙarni na 19. A 1874 wani tsohon hafsan sojan Birtaniya, Manjo Walter Wingfield, ya yi rajistar kayan wasan, ya raɗa masa suna daga harshen Girkanci, sphairistike, don ya yi ƙanshin ilimi. Mutane suka kasa furtawa, suka datse shi suka mai da shi abin ba'a, suka koma ga tsohon sunan da suka gada. Da aka yi gasar Wimbildon ta farko a 1877, da 'yan wasa 22, sunan Manjo ya riga ya kama hanyar kabari. Ba da daɗewa ba sabon wasan ya tsallaka Faransa da sunansa na Ingilishi, Faransawa suka karɓi kalmarsu kamar baƙuwa. Saboda haka yaron Dosso ko Gaya da ya koyi kalmar a lakwal, daga Faransanci ya karɓe ta, Faransanci daga Ingilishi, Ingilishi daga Faransanci. Yaron Kalgo kuwa zango ɗaya ya rage masa a wannan zagaye.

Na kan tuna da Manjo Wingfield duk lokacin da na ji ana kukan cewa aro yana kashe Hausa, a ƙirƙiro mana namu. Ƙirƙira ba laifi ba ce, kuma takan ci nasara: jirgin sama da jirgin ƙasa sun zauna daram, yanar gizo tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da intanet. Amma na'ura mai ƙwaƙwalwa ta yi wa baki nauyi, kwamfuta ta kayar da ita. Wayar tafi-da-gidanka ta yi tashe na ɗan lokaci, yanzu waya kawai ake cewa. Kasuwa ce take yanke hukunci, ba majalisa ba. Wanda yake son Hausa marar aro kuwa sai ya fara da zubar da littafi, lokaci, labari, laifi da liman, domin harafin l da ke goshin kowace daga cikinsu guntun al ne na Larabci, wanda kunnen kakanninmu ya haɗiye tare da kalmar, kamar yadda kunnen Ingila ya haɗiye umarnin Bafaranshe ya ɗauka suna ne.

Wani abin ban sha'awa shi ne, tsohon wasan tafi yana da ɗan uwa da ya daɗe a Arewa fiye da yadda yawancinmu muka sani. Shi ne fayif, wanda ake bugun ƙwallo a jikin bango da tafin hannu. Malaman Turawa ne suka shigo da shi makarantun lardi da Kwalejin Katsina a shekarun 1920, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya ƙware a kai, har yau kuma ana gasar kofin da ke ɗauke da sunansa. Tanis mai faifai bai taɓa fita daga kulob-kulob na manyan birane sosai ba, ko da yake Kano tana da gasarta ta Dala, kuma Nduka Odizor ya kai zagaye na huɗu a Wimbildon a 1983. Dattijon da ya buga fayif a makarantar midil ya fi kusa da sarki Luwi na 10 fiye da duk wanda muke gani a talabijin da fararen kaya.

Yanzu sai mu zo ga inda nake da ƙorafi da mu kanmu. Akwai wani bayani na daban game da asalin tanis wanda na san zai fi yi wa mai karatu daɗi. A tsakiyar tafkin Manzala a Masar an yi wani birni mai suna Tinnis, wanda ya shahara a duniyar Musulmi da saƙar lallausan yadi, kafin a tashe shi a zamanin yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya. Sai wasu suka ce da yadin Tinnis ake naɗe ƙwallon, daga nan sunan ya fito. Labari ne mai kyau, yana da birni, yana da fatauci, yana mayar da abin ga Larabawa. Abin da ba shi da shi kawai shi ne shaida: babu takarda ɗaya da ta haɗa yadin garin da ƙwallon wasan. Kamannin sauti ne kurum. Haka ake cewa kalmar da ake kiran sifiri da ita a ƙidayar wasan daga sunan ƙwai ta fito a Faransanci, don ƙwai ya yi kama da sifiri, alhali Faransawa ba su bar wata alamar sun taɓa faɗin haka ba. Ko sunan faifan bugu, raket, wanda ƙamusoshi suka daɗe suna dangantawa da raha, tafin hannu a Larabci, wasu masana sun mai da shi ga wani aikatau na mayar da ƙwallo a harsunan arewacin Turai, kuma muhawarar ba ta mutu ba.

Irin wannan labari mai zaƙi shi ne abincinmu na yau da kullum. Hausa daga hau sa, wai don wani ya hau sa. Bayajidda daga ba ya ji da. Na ji ana faɗin waɗannan a aji, a rediyo, a wurin taron ƙaddamar da littafi, da murya irin ta wanda ya gama bincike. Ba na raina su a matsayin adabi. Suna nuna yadda al'umma take son ta ji kanta. Amma an ƙera su ne daga baya, aka karkasa suna gunduwa-gunduwa har ya ba da jimla. Da wannan dabara zan iya tabbatar maka cewa tanis Hausa ce, daga ta nisa, don ana buga ƙwallo ta yi nisa, kuma na rantse da a ce na faɗi haka da ƙarfi a wani dandali, da an samu masu yaɗawa kafin gari ya waye. Bambancin gatana da hau sa shi ne, a na farko jimlar tana nan da rai, ana furta ta a daidai wurin da sunan yake nuni, kowa na iya zuwa ya ji. A na biyu babu kowa sai mai labari. Sunan Kalgo ɗaya yake da sunan itacen da ake ɓare ɓawonsa a yi igiya, kuma ƙasar Hausa cike take da garuruwa masu sunan itace, su Rimi da Kurna da Tsamiya, don haka wannan ya zauna a kan tsari sananne. Gwandu kuma ana danganta ta da gandun Kanta na Kabi, wanda aƙalla yana da ƙasa da tarihi a bayansa. Ba duk bayanai ne suke daidai da juna a ma'auni ba, kuma aikin mai ilimi shi ne ya auna.

Wani zai ce, ana fama da tsadar abinci da 'yan bindiga, wa ke da lokacin asalin kalma? Amsata ita ce kalmomi shaidu ne a shari'ar tarihi, kuma sukan faɗi abin da littafin fada ya yi shiru a kai. Tarihin Kano ya ce Wangarawa ne daga Mali suka kawo Musulunci a zamanin sarki Yaji. A 1960 Joseph Greenberg ya bi sawun wasu kalmomi, irin su karatu da rubutu da kasuwa, ya nuna cewa ta bakin Barebari suka shigo Hausa. Ke nan akwai wata babbar ƙofa ta gabas, ta Borno, wadda ilimi da ciniki suka biyo. Ba a tono wannan daga ƙasa ba, daga bakinmu aka tono shi.

Me ya sa Ingila ta iya cewa ga shekarar da tanis ta fara bayyana, ga wanda ya rubuta ta, ga yadda ya rubuta? Domin an yi wani aiki mai gajiyarwa. Babban ƙamus na Okusfod, wanda ya fara fitowa a 1884 aka kammala shi a 1928, an gina shi ne a kan miliyoyin 'yan takardu da masu sa kai suka aiko, kowace ɗauke da kalma ɗaya, jimlar da ta fito a ciki, littafin, da shekara. Kada a ce wannan ɗabi'ar Turawa ce. Malaman Larabci ba sa karɓar ma'anar kalma sai da shahidi daga waƙa ko magana tabbatacciya, kuma tun a ƙarni na 12 al-Jawaliƙi ya rubuta littafi sukutum a kan baƙin kalmomin da suka shiga Larabci. Kalmar ƙamus ɗin kanta teku take nufi. Sunan littafin Fairuzabadi ne ya yi tashe har ya zama sunan kowane littafi irinsa. A nan Gwandu, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar mana al-Bahr al-Muhit a nahawu da al-Hisn al-Rasin a sarfu. Mutanen da suka gaji wannan makaranta ba su da uzurin karɓar hau sa ba tare da sun nemi isnadi ba.

Ƙamusoshin Hausa muna da su, kuma manya ne. Na Bargery na 1934 yana da kalmomi kimanin 39,000, yana nuna wadda ta Sakkwato ce da wadda ta Katsina ce, da wadda aka aro daga Larabci. Akwai na Abraham, akwai na Jami'ar Bayero na 2006, akwai ayyukan Paul da Roxana Newman. Dukkansu suna gaya maka abin da kalma take nufi. Wanda muke buƙata yanzu shi ne mai gaya maka yaushe aka fara ganinta, a bakin wa, da wace ma'ana, da lokacin da ta sauya. Kayan aikin suna nan a warwatse: waƙoƙin ajami na ƙarni na 19 a gidajen malaman Gwandu da Sakkwato, takardun da ke cibiyar Waziri Junaidu da Gidan Arewa a Kaduna, ƙamus ɗin Schön na 1876, tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga daga 1911, da kowane fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga Janairun 1939, wadda kowane shafinta yana ɗauke da kwanan wata. A cikin wannan jarida kaɗai za a iya gano makon da siyasa ta koma nufin takarar jam'iyyu, da lokacin da ƙuri'a ta bar hannun masu rabon gado ta shiga akwatin zaɓe.

Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi, wadda aka kafa a 2013, a ƙasar Kalgo take zaune, tafiyar da ba ta da nisa daga Gwandu, kuma kusa da iyakar da Hausar likita ke haɗuwa da Hausar lokotoro. Ban ga wurin da ya fi dacewa a fara wannan aiki ba. Ba ya buƙatar gini ko kwangila. Kowace shekara ɗalibai a jami'o'in Arewa suna rubuta kundin kammala karatu a kan batutuwan da aka tauna sau ɗari. A bai wa kowane ɗalibi shekara ɗaya ta Gaskiya, ko waƙa goma na ajami, ko kaset ashirin na tsofaffin shirye-shiryen rediyo, ya fitar da kalmomi da jimlolinsu da kwanakinsu, a zuba a rumbu ɗaya da kowa zai iya buɗewa ta waya. A tura wasu tasha da kasuwa da filin ƙwallo su rubuta abin da ake haifa yau, da sunan garin da watan da aka ji shi.

Gaggawar tana ga wannan na ƙarshe. Yaron da aka haifa a Kano a 2015 yana hawa adaidaita kullum, kuma bai san an taɓa yin wani shiri mai wannan suna ba. Masu iya ba da shaida suna raye, jaridun da suka buga labarin ba su riga sun ruɓe ba, direbobin farko suna nan ana iya zama da su. Katin farko da zan so a rubuta ke nan: kalmar, jimlar da aka fara ganinta a ciki tana nufin babur ba shiri ba, jaridar, da ranar. Na biyu kuma gatana, daga bakin wata tsohuwa a Kalgo, da sunan unguwarta da shekarar da aka ɗauki muryarta.